Tanti Sa'a, Wadda Ta Hana A Yi Watandar 'Ya'yanmu

Ina tsaye a bakin teburina da safiyar wata Talata, wuƙa a hannu, ina yanka wa wata mai sayar da tuwo nama, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na goge hannu da tsumma na ɗauka. Musye Kojo ne, mai gashin ƙashin da ke duba 'yata Habiba, wanda a nan Kwatano muke ce wa kine. Mutum ne mai barkwanci, ba ya fara magana da ni sai ya tambaya ko na ɓoye masa hanta. Ran nan bai tambayi hanta ba. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Baban Habi, ka zauna. Tanti ta tafi." Na ce, "Ta tafi ina kuma?" domin na san ta da yawo, ko ciwon ƙafa bai hana ta ba. Sai ya ce, "Yadda ku kuke faɗa. Innalillahi." Shi ba Musulmi ba ne, amma ya nemo kalmar da ya san zan gane. Na ƙarasa masa sauran, na ajiye wuƙar, na bar wa abokin sana'ata teburin.

Hajiya Sa'adatu, wadda duk Zongo ke kira Tanti Sa'a, ta rasu bayan 'yar gajeruwar jinya, aka yi mata sutura bayan azahar. A hanyar maƙabarta mutane na ta ambaton alherinta, ni kuwa abu biyu ke yi mini yawo a ka. Na farko, da wane hannu zan gaya wa Habiba, yarinyar da ba ta jin magana sai ta gan ta? Na biyu, wanda ya fi tsaya mini a rai, wa zai sake shimfiɗa tabarmar Alhamis? Wanda bai san wannan tabarma ba zai ce mahaucin nan baƙin ciki ya taɓa shi, ana batun mutuwa yana batun tabarma. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don a san abin da nake tsoron mu rasa tare da ita.

A nan Zongo aka haife ta, jikar fataken goro ce da suka zo bakin teku suka zauna. Tana cikin 'yan matan farko na layinsu da aka sa a lekol, wato makarantar boko, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aiki a ɗakin yara har ta yi ritaya. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, goro ba ya rabuwa da kuncinta. Tana da kaifin harshe, wannan ko 'ya'yanta ba za su musa ba, kuma ba ta taɓa zuwa taro a kan lokaci ba sai in nata ne. Sau ɗaya ta taɓa ba ni labarin ƙanenta Ɗanlami, wanda aka haifa kurma. Ya rayu har ya yi gemu ana kiransa Bebe, ana aikensa da nuni, ana ba shi abinci. Ta ce, "Malam Garba, ɗaki ɗaya muka tashi, har ya mutu ban san wane abinci ya fi so ba." Ba ta ƙara a kan haka ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan ta yi ritaya ne ta je ta koyi maganar hannu a wurin kurame, tana zaune cikin yara da furfurarta.

Habiba 'yar shekara biyu ce lokacin da sanƙarau ya kama ta. Allah ya bar mana ita, amma ciwon bai tafi hannu sake ba. Ya tafi da jinta, sai ɗan abin da ba a rasa ba a kunne ɗaya. Ya rage mata ƙarfin ido. Ya kuma bar mata ɓarin dama da rauni, hannun a lanƙwashe, ƙafar tana ja. Daga nan ni da uwarta Hadiza muka zama 'yan gidan masu babur ɗin haya, zem ɗin nan masu rigar rawaya. Likitan kunne yana wajen San Mishel, ya ba ta na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, wadda muke ce wa aparai. Mai duba ido tana Vedoko, ta ba ta tabarau. Musye Kojo yana wata unguwar. Makarantar kurame kuma sai an haye gada, can Metires Odil, wadda ita ma kurma ce, ke koya mata maganar hannu. Dukansu mutanen kirki ne, sun san aikinsu, kuma kowa ya yi mana iyakar ƙoƙarinsa. Sai dai babu wanda ya taɓa ganin wani a cikinsu.

Da hannun hagu Habiba ta fara magana, tunda shi ke gare ta. Ta iya cewa ruwa, ta iya cewa uwa, ta iya cewa a'a, wannan kam ta iya ta sosai. Ana nan sai Musye Kojo ya ba da shawara a riƙa sa mata safa mai kauri a hannun hagun na ɗan lokaci kowace rana, don na daman ya tilastu ya yi aiki. Shawara ce mai kyau a fanninsa. Amma a gidanmu akwai mahaifiyata, Inna Azumi, wadda ta daɗe tana haɗiye baƙin ciki duk ran da ta ga jikarta ta sa hagu a kwano, ko ta miƙa wa baƙo hagu. Ku da kuka tashi a gidan Hausawa kun san nauyin wannan. Da ta ji batun safa sai ta ce, "Alhamdu lillahi, ga shi likita ma ya faɗa." Ɗan lokaci ya zama wuni guda. In za a kai ta makaranta sai Inna ta cire safar don kar a yi wa yarinya dariya a hanya, in ta dawo a mayar. Don ƙauna ta yi, mu ma don ƙauna muka bar ta.

Cikin 'yan watanni yarinyar ta sauya. Ta koma cizo, tana buga kai da bango, ta jefa aparai cikin randa. Metires Odil ta aiko cewa Habiba ta daina amsawa a aji, abin da ta iya ma ta watsar. Likitan kunne ya ƙara wa na'urar ƙarfi. Wasu maƙwabta suka fara raɗe-raɗin ai ciwon ya taɓa kanta, wasu suka ce iska ce, a nemi mai magani. Hadiza ta rame don kuka. Ni kuwa in na dubi 'yata sai in ga tana nisa da mu kullum, alhali tana zaune a gabana.

A wannan hali ne Tanti Sa'a ta zo sayen nama. Ran nan Hadiza ta je awo, an bar mini Habiba tana zaune a ƙarƙashin teburina. Tanti ta gama yi mini tsiyar cewa naman nawa duk ƙashi ne, sai idonta ya faɗa kan yarinyar, ta ga wayar aparai. Ta durƙusa da ƙyar, ta bubbuga ƙasa, ta yi mata gaisuwa da hannu. Habiba ta ɗago hannun da ke cikin safa kamar za ta amsa, ta dube shi, ta sake shi ya faɗi kan cinyarta. Tanti ta miƙe a hankali.

Ta ce, "Wa ya ɗaure wa yarinyar nan baki?"

Na ce, "Baki kuma, Hajiya? Ai hannu ne. Kine ne ya ce."

"Da me take magana?"

Ta ja benci ta zauna, ta sa na lissafa mata duk masu duba Habiba. Da na gama ta ce, "Sun san juna?" Na ce ban zata ba. Ta gutsuri goro ta ce, "Malam Garba, kai mahauci ne, ba sai na koya maka watanda ba. Mutane su haɗu a kan saniya ɗaya, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi gida yana yabon nama. To watandar 'yarka aka yi. Wannan ya ɗauki kunne, wannan ta ɗauki ido, wancan ya ɗauki hannu. A cikinsu wa ya taɓa ganin saniyar tana tafiya?" Na yi shekaru ina kasa wa mutane watanda a jajibirin Salla, ban taɓa jin kalmar ta yi mini ɗaci ba sai ran nan. Ta cire safar da kanta, ta cusa a jakarta, ta manta da naman da ta zo saye.

Abin da ta ƙudura shi ne ta tara su duka wuri ɗaya, su ga Habiba tare. Na ce mata, "Hajiya, manyan nan ina za su zo Zongo?" Ta ce, "Zuwa da kai ya fi saƙo." Haka ta riƙa hawa zem da kumburarriyar ƙafarta. Musye Kojo bai ba ta wahala ba. Metires Odil ma da ta ga tsohuwa tana yi mata magana da hannu, nan take ta amince. Likitan kunne ne ya yi ta cewa aiki ya yi masa yawa, kuma gaskiya ya faɗa. Sai ta riƙa zuwa tana zama a bencin marasa lafiya tana cin goro, ba ta ce masa komai, har ya gaji ya fito ya ce, "Tanti, me zan yi ki tafi gida?" Ashe ta san shi tun yana ɗalibi, hannunsa na rawa in zai yi wa jariri allura, ita ke riƙe masa. Mai duba ido kuwa, waina aka yi ta kai mata har kunya ta kama ta.

Wata Alhamis bayan la'asar suka haɗu a zauren gidan Tanti. Na ari kujeru daga maƙwabta don a girmama baƙi, ta sa aka mayar da su. Ta shimfiɗa babbar tabarma ta ce, "Kujera ta likita ce, tabarma ta yaro ce. Ku sauko inda take." Na ga babban likita yana tattare wandon kwat yana neman yadda zai harɗe ƙafa. Ta kafa musu doka biyu. Ba wanda zai yi magana sai an zauna an kalli yarinya tana wasa tukuna, kuma iyaye ne za su fara faɗin abin da suka gani a gida. Aka zuba wa Habiba murafan kwalba da wata 'yar tsana, aka yi tsit ana kallo.

Da Hadiza ta zo kan labarin safa, Tanti tana juya wa Metires Odil shi da hannu, sai malamar ta zabura, ta kama hannun hagun Habiba ta ɗaga shi gaban Musye Kojo, sannan ta nuna bakinta. Ba sai an fassara ba. Ya dafe kai ya ce, "Wayyo! Ni na ce kaɗan, kaɗan! Kuma ban san da shi take magana ba!" Inna Azumi daga bakin ƙofa ta ce, "To ɗan nan, na ga in kaɗan ya yi magani, ai da yawa ya fi." Dariya ta ƙwace wa kowa, har shi mai dafe kan. Ana cikin haka mai duba ido ta ce a gaya wa Metires ta matso daga bakin ƙofa, domin haske yana bayanta, yarinyar inuwa kawai take gani. Malamar ta tsaya cak, ta nuna cewa a aji ma gaban taga take tsayawa. Likitan kunne kuwa yana ta kallon kan Habiba, can ya miƙa hannu ya ɗaga gefen hijabinta. Ƙafar tabarau tana ture aparai daga mazauninsa, hijabin kuma ya matse shi yana ta fito a cikin kunnen da ya rage mata. Shi kuma ga shi ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce a hankali, "Ni ma da na jefa shi cikin randa."

Ba wanda aka kunyata ran nan, Tanti ba ta bari ba. Ta ce kowa ya yi daidai a kasonsa, haɗawar ce ba a yi ba. Aka daidaita cewa safa sai a wurin wasa da kine, a cire da an gama. Hadiza ta sake ɗinkin hijaban, aka sa wa tabarau igiya ta bayan kai. Musye Kojo da Metires Odil suka zauna suka zaɓi kalmomin da ake yi da hannu biyu, suka zama su ne motsa jikin Habiba, maimakon matsa ƙwallon roba da ta tsana. Tanti ta ce masa, "Hannu ba ya tashi don likita ya ce ya tashi. Ka ba shi abin da zai faɗa." Musye Kojo, don ya nuna ya iya Hausa, ya ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta ce, "Gaskiya ne a kanku. Amma kar ka faɗa a gaban Habi, ita da hannu ɗaya take ɗaukar tata."

Saura Inna da batun hagu. Na zaci Tanti za ta yi mata kaca-kaca, don na san harshenta. Ba ta yi ba. Ta riƙa zuwa gidanmu da hantsi, su zauna su ci goro, su yi hirar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Sai wata Alhamis muka tarar da limamin layinmu a kan tabarma. Ya kalli yarinyar yadda kowa ke kallo, sannan ya ce wa Inna lalura ce, addini bai zo da tsanani ba, ta ci da hannun da Allah ya bar mata. Tanti ta ƙara da nata, wanda har yau ake maimaitawa a Zongo: "Hannun hagun da ya yi sallama ya fi na daman da ya yi shiru." Inna ba ta ce ta yarda ba, ba halinta ba ne. Amma bayan 'yan kwanaki na leƙa ɗakinta na same ta tana gwada gaisuwar hannu ita kaɗai, da ta gan ni ta ce sauro take kora.

A hankali Habiba ta dawo mana. Ba dare ɗaya ba, kuma ba duka ba, har yau akwai ranakun da ba ta son kowa. Amma ta daina cizo, ta koma makaranta da son ranta. Kurame suna da al'adar raɗa wa mutum suna da hannu, daga wani abu da suka san shi da shi. Sunan da Habiba ta ba ni sara ne, gefen tafi a kan cinya, ba sai na yi bayani ba. Na Tanti kuwa daga tabarma ya fito. Metires ta koya mata cewa tabarma da hannu biyu ake yin ta, a kifa tafuka a ware su gefe da gefe. Habiba da hagu kaɗai take iyawa, tafi ɗaya yana share iska. Kullum ta hango Tanti sai ta yi haka, har ya zama sunanta. A bakin Habiba, in ana iya cewa baki, Tanti da tabarma kalma ɗaya ce.

Daga kan 'yata aka fara, amma ba a tsaya nan ba. Alhamis ɗin farkon kowane wata zauren yakan cika. Akwai Yusufa, kurma mai farfaɗiya, wanda sai a kan tabarma aka gane maganinsa ne ke sa shi barci a aji, ba lalaci ba. Akwai wata 'yar ƙabilar Fon da ba ta haɗa ido da kowa, uwarta mai talla a kasuwar Dantokpa. Akwai ɗan wani mai shanu daga arewa, da uban kan zo da shi duk sanda ya sauko da dabbobi. Tanti ba ta tambayar kowa addininsa ko garinsu. Abu ɗaya ne ba ta yafewa, a kira yaro Bebe a gabanta. Takan ce, "Rago aka yanka masa, yana da suna." Da yawan ragunan nan ni na feɗe su, don haka nakan zama mai shaida. In wani uba ya ce ai yaron ba ya ji, me za a koya masa, sai ta ce, "Ba ku ne kuke cewa gani ya kori ji ba? To a kan yaran nan karin maganar ya cika."

Ni ma ɗalibinta ne, ko da yake na girmi allo. Ta ce ba za ta yarda uwa kaɗai ta iya magana da 'ya ba, uba yana gefe kamar baƙo. Yatsun mahauci ba a yi su don wannan aiki ba, sun saba da ƙotar wuƙa. Ran da na fara gwadawa a gida, na so in ce wa Habiba ta zo mu ci abinci, ashe akuya na kira ta. Ta dube ni, ta dubi uwarta, ta fashe da wata irin dariya da na daɗe ban ji ba. Na sake yi da gangan don in sake jin ta. Ran nan na yi hawaye a bayan ɗaki, kuma ba na jin kunyar faɗa.

A shekararta ta ƙarshe ƙafafun suka yi nauyi, ta daina hawa zem. Sai ta ɗauki wata ɗabi'a da ta riƙa ba mu haushi. In an taru, ta koma lungu ta jingina da bango ta ƙi cewa uffan. A tambaye ta, ta ce, "Ku tambayi uwar yaro." Wani watan ta sa Musye Kojo ya jagoranci zaman, wani watan Metires Odil, har ni ta taɓa sawa, na yi ta zufa. Na ce mata, "Hajiya, tabarmarki ce, ki yi magana mana." Ta ce, "Malam Garba, in tabarma ta zama ta mutum ɗaya, ran da ya mutu da ita za a kai shi maƙabarta." Na ce ta daina irin wannan zance. Ta ce in miƙo mata goro.

Da muka dawo daga jana'iza, Metires Odil ta nuna za ta iya gaya wa Habiba in na ga ba zan iya ba. Na gode mata, na ce ni ne uba. Na zauna gaban 'yata inda haske ke faɗa mini a fuska, yadda aka koya mana. Na share iska da tafi ɗaya, na yi alamar mutuwa, na nuna sama. Ta kalle ni, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora kanta a gwiwata. Ba ta ɗaga hannu ba. Aka yi zaman makoki, aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Duk mutanen tabarma sun zo gaisuwa, kowa ya zo shi kaɗai ya tafi shi kaɗai, ba wanda ya iya ɗago zancen Alhamis a gidan mutuwa. Na fara shirya zuciyata cewa za mu koma bin zem, kunne a San Mishel, ido a Vedoko.

Alhamis ɗin farkon wata ta zo. Na dawo daga la'asar na zauna a tsakar gida, ban yi niyyar zuwa ko'ina ba. Habiba ta zo ta tsaya gabana sanye da hijabinta da tabaranta, ta share iska da hagu. Na ce a raina, ashe yarinyar nan ba ta gane ba, Tanti take nema. Na sake yi mata alamar mutuwa. Ta girgiza kai, ta sake share iska. Na sake gaya mata, hawaye na zubo mini, na nuna sama. Ta buga ƙafa a ƙasa, ta yi mini irin kallon da Tanti kan yi wa mai taurin kai. Sai na ga ta dubi hannunta na dama. Ta cije leɓe, ta ɗago shi yana rawa, yatsun ba su gama buɗewa ba, ta kawo shi kusa da na hagun, ta kifa su, ta ware su gefe da gefe. Bai kai inda na hagun ya kai ba, amma ya tafi. Ba Tanti take tambaya ba. Ta san Tanti ta rasu. Tabarma take ce mini, yau Alhamis, in tashi.

Muka kama hanya, tana jan ƙafa tana jan hannuna, Hadiza da Inna suna biye. Da muka sha kwanar layin na hango Musye Kojo jingine da babur ɗinsa a ƙofar gidan, yana juya makulli a hannu. Ya ce, "Na ce bari in wuce ta nan kawai." Metires Odil tana zaune a dakali da uwar Yusufa. Babban ɗan marigayiya, Abdulƙadir, ya fito ya ce mahaifiyarsu ta bar wasiyya kada a rufe zauren, shi ma jira yake ya ga ko wani zai zo. Muna tsaye sai ga zem ya sauke mai duba ido, ta ce likitan kunne yana hanya, cunkoso ya tare shi. Habiba ba ta jira kowa ba. Ta shiga ta jawo tabarmar daga bayan ƙofa, ta taka gefe ɗaya da ƙafa, ta tura naɗin da hannu biyu. Musye Kojo ya ga hannun, ya dube ni, ya juya ya fuskanci bango na ɗan lokaci. Muka cire takalma muka sauka. Lungun da Tanti kan jingina muka bar shi yadda yake, uwar Yusufa ta fara magana.

Ya Allah, baiwarka Sa'adatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yi mata rahama, ka yalwata mata kabarinta ka haskaka shi. Ta durƙusa wa 'ya'yanmu a lokacin da gwiwoyinta ke ciwo, ka ɗaga darajarta. Ka sada ta da ƙanenta Ɗanlami a Aljanna, su zauna su yi hirar da ba su samu yi a duniya ba, ta ji daga bakinsa abin da ya fi so. Ka ba Abdulƙadir da 'yan'uwansa da jikokinta haƙurin wannan rashi, ka albarkaci bayanta. Ka saka wa waɗanda suka sauko kan tabarma da alheri, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba, ka ƙara haɗa kansu a kan yaran nan. Mu kuma iyaye, ka ba mu ƙarfin shimfiɗa ta duk wata, har ranar da namu lokacin zai zo, ka sa mu cika da imani. Amin.